Littafina a Wayar Wata

Shekara uku na yi ina rubuta littafina na farko, kullum bayan na taso daga koyarwa a firamare a Kademi. Ranar da aka bugo shi daga Kano har hawaye na yi. Na rarraba wa masu shaguna a Gaya, amma ba mai ko ɗaga shi.

Wata rana na je suna a Gafasa, na tarar mata sun kewaye wata matashiya tana karanta musu labari daga waya, suna ta shewa. Jimla biyu na ji na gane nawa ne. Wani ya kwafe shi kaf, ya cire sunana, ya watsa.

Na ce, "Baiwar Allah, ni fa na rubuta wannan."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Malama, ai sai ki gode wa Allah ana karantawa. Wa ke sayen takarda yanzu?"

Ban iya cin tuwon sunan ba. Littafi na biyu yana nan cikin akwati da rubutun hannuna, na rasa inda zan kai shi.