Wankan Jegon da Ban Ƙarasa Ba

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, na san ba zai iya ɗauke abin da ya same ni a jegon ɗana na fari ba. Yaron yanzu har ya fara wuce ni tsawo, amma duk lokacin da na ji warin ganyen dogon yaro a ruwan zafi sai gabana ya faɗi.

Mu mutanen wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Kurfai, manoman hatsi. Da aka gama girbi mijina ya tafi ci-rani bakin teku kamar sauran mazan garin, ni kuwa da cikina ya tsufa aka mayar da ni gidanmu goyon ciki. A ɗakin Inna na haihu, lafiya lau, namiji. Babanmu ya riga ya rasu, don haka Inna ce uwa, ita ce uba, kuma a ƙauyenmu kaf ba wadda ta kai ta iya wankan jego. Har aronta ake yi. 'Yar gajeriya ce, ga faɗa, idan ta ce eh ko maigari bai isa ya sa ta ce a'a ba.

Safe da yamma takan ɗora rabin duro a murhu, ta zuba ganye, sai ruwa ya tafasa yana tsalle. Ta zaunar da ni a kan turmi a bayan ɗaki, ta tsoma ganyen ta yi ta fyaɗa mini a jiki. Ga shi bazara ce, irin zafin da ko kaza sai ta buɗe baki. Ina fitowa in tarar da ƙwaryar kunun kanwa tana jirana, kanwar ma ba 'yar kaɗan ba, har harshe yake ɗauka. In na yamutsa fuska sai ta ce, “Shanye, ba don daɗi anka dama shi ba.”

Ban taɓa yi mata gardama ba, domin na san abin da ke ranta. Ina da yaya mace, ita ce 'yar farin Inna, ta rasu tana cikin jego tun ina yarinya. Kowa ya ce sanyi ne ya shige ta. Tun daga ranar Inna ta ɗauki gaba da sanyi, ta yi rantsuwa ba zai sake ɗauke mata ɗiya ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafafuna suka fara kumbura. Silifa ta ƙi shiga, zoben azurfana ya nutse a yatsa. In na taka daga ɗaki zuwa randa sai na tsaya na huta, kwanciya kuwa ta gagare ni, sai dai in jingina da bango, ga wani tari da ba ya fitar da komai. Abin haushi, matan da ke zuwa barka sai su karɓi jariri su yi ta juya shi, wannan ta ce hancin ubansa ne, waccan ta ce goshin kakansa ne. In sun ɗan waiwayo ni sai su ce, “Kai, jego ya karɓe ki! Dibi yadda kinka yi ɓul-ɓul.” Inna ta yi ta murmushi, ana yaba aikinta. Ni kuwa ga kunyar ɗan fari, ko ɗaukar yaron ba na yi a gaban mutane, balle in buɗe baki in ce ba ni da lafiya. Sau ɗaya na daure na gaya wa Inna numfashina ba ya isata. Ta taɓa ƙafata, na ga fuskarta ta canza. Washegari ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu.

Mu talakawa ba ma zuwa likita, wato asibiti, sai ta kama dole, don tsoron kuɗin takardar magani. Amma rigakafin jarirai kyauta ne, shi ya sa ran kasuwa Inna ta goya yaron ta tafi ƙaramar likitar da ke garin kasuwarmu. Ni ta bar ni gida, mai jego ba ta fita kafin arba'in. Da azahar ta dawo tana ta sababi tun daga ƙofar gida. An yi wa yaro allura, amma sajfam, ungozomar likitar, ta hana ta sange, wato gidan sauron da ake ba masu jego. Wai ba ta bayarwa sai a hannun uwa, sai ta ga uwar da idonta.

“Yarinya ƙarama, sa'ar ɗiyata, ta dibe ni ta ce wai ina uwatai! Ni mi ta ɗauke ni, ɓarauniyar sange?”

Na sha cewa gidan sauro ne ya ceci raina, mutane su yi dariya, amma gaskiya ce. Inna ba za ta iya barci ba tana sane cewa maƙwabciyarta ta samu nata ita ba ta samu ba. Washegari ta aro amalanken jaki, ta naɗe ni da bargo a wannan uban zafi, kada iska ta taɓa ni, muka kama hanya.

Likitar ɗakuna uku ce da baranda. Mata sun cika barandar, wasu da ciki, wasu da goyo, sajfam ɗaya tal. Muryarta ta dushe don kiran mutane, kuma ba ta da fara'a ko kaɗan. Ina saukowa daga amalanke na yi taku kaɗan sai na dafa ginshiƙi ina haki. Sajfam ta ɗago kai ta gan ni, ta ajiye abin da ke hannunta ta taho.

“Ke, zamna nan. Tun yaushe kike wanga numhwashi?”

Sai na dubi Inna. Sajfam ta durƙusa ta yaye bargon, ta danna babban yatsanta a ƙaurina. Da ta ɗauke, sai ga rami ya zauna kamar an danna tuwo, ya ƙi tashi. Ta shigar da ni ɗaki ta saurari ƙirjina da bayana, ta auna ni. Sannan ta tambayi Inna me ake ba ni. Inna ta faɗa mata da alfahari, har da yawan kanwar.

“Inna, wagga ba ƙiba ba ta, ruwa na. Zuciyatta ta gaji. Daga yau ba kanwa, ba ruwan zahi, kuma yanzun ga za a kai ta Filinge.”

Inna ta miƙe tsaye, ta gyara goyo. “Ba mu sange, mu tahi. Ke kin taɓa haihuwa? Sanyi na, kuma ni na san maganinai.”

Sajfam ta ɗaga murya, Inna ta ɗaga tata ta fi ta. Matan baranda suka leƙo. Ni ina zaune a kan gado ina jin su kamar daga nesa, kuma wallahi da Inna ta ce in tashi, tashi zan yi in bi ta, ko da a hanya zan cika. Tsoro ya kama ni sosai, amma ban san yadda ake ce wa Inna a'a ba.

Cikin faɗan ne Inna ta ce, “Ni da na rufe ɗiyata da wanga ciwo za ki gwada ma shi? Haka ƙahwahunta sunka kumbura, haka taka tari, haka taka kwana zamne!”

Sajfam ta tura ƙofa ta rufe, ta jawo kujera, muryarta ta sauka.

“Allah shi jiƙanta. Ita waccan, ta yi wankan?”

“Ta yi mana. Ni da hannuna. Da kumburin ya taso har sau ukku nika yi mata a yini, kunu kuwa…”

Nan maganar ta tsaya mata. Ta dubi ƙafata, inda ramin yatsan bai gama cikewa ba, ta daɗe tana kallo. Ban taɓa ganin Inna ta zauna a ƙasa a gaban baƙo ba sai ranar, ta sulale ta zauna a kan siminti da jariri a bayanta.

Har gobe ina ganin girman sajfam ɗin nan saboda abin da ba ta faɗa ba. Ba ta ce kin gani ba, ba ta ɗora mata komai ba. Cewa ta yi, “Inna, ciwon ga shina kama mace bayan haihuwa ko da wanka ko babu, kanwa da zahi ƙara mishi ƙarhi sukai. Waccan kwananta ya ƙare. Wagga ga ta gabanmu da ranta. Ki ba ni ita.”

Inna ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Ɗauke ta.”

Kafin la'asar motar likita ta zo ta kai mu babbar likitar Filinge. Aka ba ni gado, aka yi mini allurai, aka ba ni ƙwayoyin da suka sa na yi ta fitsari har na ji kunyar matan ɗakin. A hankali kumburin ya saɓe, zobe ya dawo yana juyawa a yatsa, ranar da na kwanta a miƙe na yi barci kuwa na tashi ina hamdala. Inna ta aika kawuna ya sayar da akuyarta aka sayi sauran magani. Likita ya ce in rage gishiri, in dinga dawowa ana duba ni, kuma in huta sosai kafin wani ciki. Duk zaman da muka yi, Inna tana gindin bishiya a tsakar likitar da jikanta, ba ta faɗa da kowa. Wannan ya fi ciwon tayar mini da hankali.

Da muka koma gida arba'in bai cika ba, kuma ƙauye ba a ɓoye masa abu. Mace ta yanke wanka, ai ita da uwarta sun zama abin zance a bakin rijiya. Sai Inna ta ci gaba da ɗora duronta safe da yamma, hayaƙi ya tashi kowa ya gani, warin ganye ya cika unguwa. In ya tafasa ta ɗebi kaɗan ta sirka da na randa har ya zama ɗumi-ɗumi, ta taɓa da gwiwar hannu, sannan ta kira ni. Sauran ruwan wanki muke yi da shi. Kunu kuma ta koma dama na tsamiya, in baƙuwa ta shigo ta rufe ƙwaryar da faifai.

Ranar da na yi arba'in tana yi mini kitso, ina zaune tsakanin ƙafafunta, ba na ganin fuskarta. Muna cikin hirar wani abu dabam sai hannunta ya tsaya a kaina. Ta ce, “Ita ma yayakki ta hwaɗa mani numhwashinta bai isatta. Sai na ƙara itace.” Na ji ɗigon ruwa a tsagar kitsona. Sai na riƙe ƙafarta, muka zauna haka har ta ci gaba da kitson. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Abin da na koya shi ne, so kaɗai ba ya warkar da ciwo, domin ba wanda ya so mu kamar Inna, ni da yayata. Kuma na koyi cewa kunya ba ta kai rai ba. Shi ya sa yanzu in na je barka nake barin mutane su yi ta rabon hanci da goshi, ni in matsa kusa da uwar in tambaye ta yadda take kwana. In ta dubi uwarta kafin ta amsa, ba na barin gidan sai an nemo amalanke.