Rami na Tara a Gonar Sha'ir

Clive Thurlow ya shekara arba'in yana tuƙa katafila a yankin Suffolk na ƙasar Ingila, amma ba don saurin aiki aka san shi ba. Laushin hannu ne da shi. Yakan sa bakin wannan ƙatuwar mota ya ɗaye ƙasa siriri kamar mai yaɗe kirim daga kan madara. Shi ya sa masu tono kayan tarihi suke nemansa da suna duk lokacin da za a gina gidaje a wani fili, tunda sai sun haƙa ramukan gwaji sun duba kafin a sa harsashi.

A shekararsa ta ƙarshe a bakin aiki, aka turo shi gonar sha'ir da ke bayan ƙauyensu, inda wani kamfani zai gina gidaje ɗari biyu. A nan mahaifinsa ya yi wa mai gonar noma har ƙarfinsa ya ƙare. Shugabar masu tonon, Philippa Goodchild, doguwa ce mai yawan tsokana. Ita ke tafiya da baya a gaban katafilar, idonta a ƙasa, tana yi masa alama da hannu.

Rami takwas suka buɗe, ba kowa ba komai, sai rairayi ruwan ɗorawa da tsohon bututun ruwa. A na tara, ana yayyafi da hantsi, Clive ya tsaya cak ba tare da ta ɗaga hannu ba.

"Dattijo, gyangyaɗi kake yi ko shayi ya kira ka?" in ji Philippa.

"Ke dai duba ƙasan ƙafarki, 'yar boko. Wurin nan ya yi mini laushi a hannu."

Ta durƙusa ta kankare da ɗan cokalinta na gini. Sai ga baƙin tabo zagayayye, faɗin faranti. Gaba kaɗan wani, sannan wani, suna lanƙwasa a hankali. Ta ce gurbin ginshiƙan ɗaki ne, itacen ya ruɓe tun shekara dubu biyu da ɗoriya, launin ƙasa kawai ya rage. A tsakiya suka tarar da jar ƙasa ƙonanniya da tsingaron tukunya guda uku, wato murhu.

Da aka tafi shan shayi, Clive bai bi su rumfa ba. Ya sauko da fulas ɗinsa, ya shiga ta inda Philippa ta ce nan ce ƙofa, har da sunkuyar da kai, ya zauna a gefen murhun. Yayyafin ya ɗauke. Yana kallon tururin shayinsa, sai ya ga kamar hayaƙi ne yake hawa yana neman hanya ta cikin jinka. Ya ji kamar motsin tumaki a waje, da wata mata tana yi wa wani faɗan jiƙaƙƙen itace. Can sama, daidai kan mutanen ɗakin, garmar mahaifinsa tana kai da komo, ba wanda ya san da wani. Abin bai ba shi tsoro ba. Ji ya yi kamar ya leƙo gidan maƙwabta da aka daɗe ba a gaisa ba.

"Ka yi sallama kuwa da za ka shiga?" Philippa ce tsaye a bakin ramin.

"Na yi. Sun ce ki goge takalminki."

Aka auna, aka zana, aka ɗauki hotuna. Bayan kwana huɗu aka shimfiɗa ƙyalle a kai, shi da kansa ya mayar da ƙasar, a hankali fiye da yadda ya kwashe ta. Daga baya kamfanin ya gyara zanensa, ya bar wannan kusurwar fili mai ciyawa, gidajen suka zagaye ta.

Clive ya miƙa makullin katafila a ƙarshen kaka. Matarsa Maureen ta ɗauka zai zauna ya huta, amma bazara na shigowa ya sayi cokalin gini da matashin gwiwa, ya bi Philippa wani tono a bakin kogi a matsayin ɗan sa kai. Ta ce a duk ma'aikatanta ba mai nawarsa, yini guda yana kankare wurin da bai fi tabarma ba. Shi kuma ya ce birkin gwiwoyinsa ne ya maƙale. Har yanzu yana zuwa, Talata da Alhamis, in ba a ruwa.