Kuskuren da Mushe Salifu Ya Ƙi Nuna Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mushe Salifu ya rasu. Da safen nan ina tayar da moto zan tafi lise, makarantarmu ta sakandare, Baba ya fito ya ce in kashe ta. Wai bayan sallar asuba Mushe ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon malamin lissafi ne, shi ya sa muke ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci, gidansa na nan Zango bayan shagonmu na yadi. Akwai tablo, wato allon rubutu, a jikin katangarsa, da wuya ka sami ɗan unguwar nan da ya yi Bak, jarrabawar gama lise, bai tsaya a gabansa ba.

Ni ba Bak ce ta kai ni ba. Bara na ce masa ina so in fara bincike na kaina, na jero masa manyan matsalolin da na gani a intanet. Ya yi dariya har da tari.

"Nuhu, bar wa manya kayansu. Me kake yi da hannunka kullum?"

Na ce ninkin yadi a shagon Baba.

"To, yadi mai kari biyar, hanya nawa za a iya ninke shi? Mai shida fa? Fara daga ɗaya."

Haka ya koya mini: ka gwada ƙananan, ka yi hasashe, sannan ka kawo hujja. Bai taɓa ba ni amsa ba, sai alli da zoɓo mai sanyi. Da Baba ya fara faɗan na bar shago, Mushe ne ya taka har wurinsa ya ce, "Alhaji, yaron nan ba zaman banza yake ba."

Makon jiya na cika tablon da hujjata, aikin wata da watanni, ina ta hura hanci. Ya daɗe yana kallo.

"Akwai kuskure."

"A ina, Mushe? Ku nuna mini."

"A'a. Ajiye alli, je ka ɗauki yadi."

Raina ya ɓaci, na tafi ko sallamar kirki babu. A zuciyata na ce tsohon nan dai ba ya son ya yaba. Na yi ta duba lissafin, ban ga komai ba.

Yau Baba ya ce daga shagonmu likkafani zai fito. Ya yanka farin yadi, ya miƙo mini in ninke in kai. Ina cikin ninkewa, sai na ga kuskuren. A lissafina na ƙirga har da ninkin da sai yadi ya ratsa ta cikin kansa zai yiwu, yadi kuwa ba ya yin haka. Hujjar gaba ɗaya ta rushe.

Wallahi har na juya da gudu zan je in gaya masa, sannan na tuna abin da nake riƙe da shi.

Mushe ba ya goge tablo sai mai kuskure ya gano kuskurensa. Da muka dawo daga maƙabarta rubutuna na nan yadda na bar shi. Ni na goge da hannuna, ina kuka.

Allah Ya jiƙan Mushe Salifu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ko da bai san shi ba.