Ƙullin Bakin Zaninta

A shekarar da mutanen wajen Michika suka gudo Yola, Dada, mahaifiyata, ta kawo wata mata gidanmu na Limawa. A tasha ta same ta zaune, ba miji ba ɗa, sai wani ƙulli a bakin zani. Tun ranar farko ban yarda da ita ba. Lokacin kowa tsoron baƙo yake. Ko leda aka yar a kasuwar Jimeta sai an watse, balle mutum sukutum a tsakar gidanka.

Dada tana fama da hawan jini, ga son nama da mai. Ana nan wani mai tallan ƙwayoyin magani, ya sha kwat da taye, ya shigo ofishinmu. Ya raba yalo gida biyu, ya barbaɗa garin ƙwayarsa a rabi ɗaya. Ɗaya rabin nan da nan ya dafe.

"Hajiya, haka jikin mutum yake tsatsa daga ciki," in ji shi. "Wannan shi ke tare tsatsar."

Na sayo wa Dada kwalba, ina jin kaina 'yar albarka. Ni da nake zargin kowa, wannan mai taye ko tambaya ɗaya ban yi masa ba.

Sai na lura matar nan tana kwance ƙullinta, ta juya baya, ta zuba wani koren gari a miyar Dada kaɗai. Kwana uku ina leƙenta ta tagar ɗakina. Ran na huɗu Dada ta tashi da jiri, har sai da ta dafa bango. Na ce shi ke nan, na kama ta.

"Me kike zuba wa uwata?"

"Adda, zogale ne. Na gidanmu. Dada ba ya son ganye, sai a ɓoye."

"Don me ba kya sa mana?"

"Kaɗan ne, Adda. Ba zai ishi kowa ba."

Na fizge ƙullin na zazzage shi a murhu. Matar ta tsaya tana kallon wutar, ni kuwa na ɗauki Dada muka tafi asibiti.

Nas ɗin ta jujjuya kwalbar da na sayo, ta harare ni. Ta ce ba a haɗa abin da ba a san cikinsa ba da maganin hawan jini, a daina yau. In kuma tsatsar nake tsoro, abin da ke tare ta yana nan a zogale, da yakuwa, da gwanda, da zoɓon da ba a cika wa sukari ba. Yalon nan ma, in ji ta, lemun tsami zai hana shi dafewa. Kunya ta rufe ni.

Da muka dawo gida, tabarmarta a naɗe, tukwane a wanke, ita ba ta nan. Na gaya wa Dada abin da na yi.

"Na san tana zubawa," ta ce. "Mijinta ne ya dasa bishiyar. Da suka gudu, abin da hannunta ya kai gare shi ke nan."

Na bi sansanonin 'yan gudun hijira, har Ngurore na je cigiya. Duk inda na tsaya sai a tambaye ni daga wane ƙauye take. Wata huɗu tana dafa wa uwata abinci, ban taɓa tambayarta ba.