Dattijon Kanada da shafuka ukun gaisuwa

Shekarun baya, ina tuƙa motar wani kamfani a Doha, aka haɗa ni da wani dattijo ɗan Kanada na mako uku. Marubucin fim ne, an gayyato shi ya koyar. Kullum in taso daga ɗakinmu na unguwar Mansura in ɗauko shi a otal.

Mutumin akwai surutu, ni kuma kun san ni, ba na barin zance ya faɗi ƙasa. A hanya ya ba ni labarinsa. Mahaifinsa masunci ne, shi kuwa ya ƙi kamun kifi ya gudu birni. Ya yi wanke-wanke a gidan abinci, ya rubuta wasannin rediyo, aka yi ta dawo masa da rubutunsa. Sai da furfura ta fara fito masa wani fim nasa ya karɓu.

Nan na yi ƙarfin hali na ce ai ni ma marubuci ne. Marubucin da ko abokan ɗakinsa ba su sani ba! Littafin rubutu ne guda, labarin wani saurayi da ya yi fushi da mahaifinsa ya bar gida. Muka zauna a wani shagon shayi a unguwar Al Asmakh, ina karantawa ina fassara masa.

Shafi uku ban fita daga gaisuwa ba. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Dattijo ya dafe kai, ya ce a sana'arsu sai an gama gaisawa ake kunna kyamara, in soke duka. Raina ya ɓaci. Na ce a wurinmu, ɗa ya wuce mahaifinsa bai durƙusa ya gaishe shi ba, ai an gama faɗan, ba sai an ɗaga murya ba.

Ya juya kofinsa.

"To bar su duka. Guda ɗaya za ka cire, ta ranar da yaron zai tafi. Nan fim ɗinka yake." Sai ya dube ni. "Kai yaushe rabonka da gaida naka mahaifin?"

Wata tara ke nan. Baba ya so in riƙe masa shagon ɗinkinsa, ni kuwa na ɗauki jaka na wuce ƙofarsa ban ce uffan ba. Mahaifiyata kaɗai nake kira. Ban taɓa gaya wa dattijon ba, a littafin ya gani.

Ya ce shi ma jira ya yi sai ya yi suna ya koma gida. Ranar da fim ɗinsa ya fito, masuncin ya shekara biyu a ƙasa. Ya turo mini wayata da yatsa ya ce, "Yalla, maza kira shi."

Na ɗauka na kira shi.

"Baba, ina wuni?"

Can na ji, "Lafiya lau. Ina gajiya? Ya baƙunta? Ya zafin garin?"

Mun daɗe a haka, ba wanda ya taɓo zancen shago. Da na ajiye, dattijon ya tambayi me aka ce. Na ce ba komai, gaisawa kawai muka yi. Ya ce kar in soke ko layi ɗaya.

Fim dai har yau ba a yi ba, littafin yana ƙasan akwati. Amma na gode wa Allah, na gode wa bawan Allan nan. Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, kuma ba Juma'ar da ta wuce ban gaishe shi ba, har ta ƙarshe.