Muƙamuƙi na Ɗari Huɗu da Goma Sha Uku

Akullo Jesika ba ta iya gaisawa da mutum ba tare da ta leƙa bakinsa ba. Kana yi mata barka da asuba, ita tana duba yadda haƙoranka na sama ke sauka kan na ƙasa. Duk baƙin likitocin da ke zaman jiran takarda a Johannesburg sun san ta da wannan hali, sun kuma san ba ta da ta-ido.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a wani ƙaramin asibiti kusa da garin Lira a ƙasarsu, ita kaɗai ce likitar haƙori. Cire haƙora aka ɗauke ta yi, amma 'yan acaɓa suka canza mata sana'a. Mutanen nan a gwiwar hannu suke rataya hular kwano, don haka da an faɗi, muƙamuƙi ke fara gaisawa da kwalta. Ta koyi ɗaure karaya da waya daga wani tsohon littafi, ta ɗaure guda ɗari huɗu da goma sha biyu, kowanne ta rubuta shi a littafin 'yan makaranta. Wadda ta gagare ta wata mai sayar da gero ce da ciwon ƙari ya cinye mata haɓa. Ta tura ta birni, matar ta mutu tana jiran layi. Abin ya tsaya wa Akullo a rai, ta rantse sai ta zama cikakkiyar likitar tiyatar baki.

A Afirka ta Kudu shekara biyu ta yi tana riƙe wa wani likita bututun tsotse yawu, kafin ta ci jarrabawar lasisi. Sai ga takardar neman gurbin horon tiyata, gurbi ɗaya tak na baƙi, ita kuma tana da shekara arba'in da uku. Takardar ta ce kowace tiyata sai da sa hannun ƙwararren da ya tsaya a kanta. Wa ya tsaya a kan Akullo? Wata nas mai riƙe tocila.

Kabeya, wani likita ɗan Kwango da suke karatu tare, ya ce, "Yaya, kin cika taurin kai. Akwai wani tsohon farfesa a ƙasarku, kowa ya je yana sa masa hannu. Ai ba ƙarya za ki yi ba, kin yi aikin."

"Ya sa hannu ya ce ya gani? Da yana wurin ai da na ba shi almakashi ya riƙe min. Ƙanina, wahalata ce, ba zan sa mata sunan wani ƙato ba."

Ta hau mota ta koma gida, ta nemi Ogwal, shugaban 'yan acaɓa, wanda ta taɓa ɗaure wa baki mako shida. Matarsa har yau tana cewa ba ta taɓa samun hutu irin wancan ba.

"Mama Dakta, su wane ne suka ce ba ki iya ba?" in ji Ogwal. "A kawo su nan mu cije su!"

Cikin kwana tara ya tattaro mata mutum casa'in da shida daga cikin waɗanda ta ɗaure wa muƙamuƙi. Kowanne ya tsaya gaban bango ya ciji rake, aka ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa kusa da sunansa.

Ranar ganawa, Farfesa Rakgoale, shugabar alƙalan tantancewa, ta daɗe tana juya hotunan ƙatti masu gatsine da rake a baki. Ɗaya daga cikin alƙalan ya kasa riƙe dariya.

"Dakta, wannan ba hujja ba ce a wurinmu. Layin mai sa ido a littafinki babu kowa, daga sama har ƙasa."

Akullo ba ta sunkuyar da kai ba.

"Haka ne, ranki ya daɗe, babu kowa. Shi ya sa na zo. In kun horar da ni, wadda za ta biyo bayana ta sami mai sa mata hannu. In kun ƙi, layin nan haka zai zauna, acaɓa kuma ba za ta daina faɗuwa ba."

Sun ɗauke ta, amma ba su lissafa mata ko ɗaya daga cikin karayar da ta ɗaure ba. Daga ajin farko za ta fara, ƙarƙashin wani likita Sibanyoni wanda ta girme shi da shekara goma. Ta ji zafin abin ƙwarai, har ta yi kuka a banɗaki, ta wanke fuska ta fito.

A makonta na biyu aka kawo wani direban tasi da karyayyen muƙamuƙi. Ta ɗaure shi, Sibanyoni na tsaye a kanta yana kallo. Da ta miƙa masa sabon littafin aiki, sai ya tsaya a layin farko.

"Mama, kin yi kuskure. Ɗaya za ki rubuta nan, ba ɗari huɗu da goma sha uku ba."

Ta zare safar hannu, ta miƙa masa biro.

"Ɗayanka ne, ɗana, tunda shi ka gani. Sa hannu."