Matar da Ta Zana Taswirar Unguwarsu

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiyar da aka fi sani da Mai Taswira a shekarar 1982, a wata unguwa ta bayan layin dogo mai lunguna arba'in da bakwai, wadda ba ta cikin taswirar hukuma. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Bayan ta kammala sakandare a 2000, ta yi shekara biyu tana koyon kwamfuta a wani shagon buga takardu.

Aure da Aiki

A 2004 ta auri wani direban bas, suka zauna a ciki da falo kusa da gidan iyayenta. A 2013 gobara ta halaka mutum goma sha ɗaya a unguwar, ciki har da yayarta, alhali motar kashe gobara tana kai-komo a bakin titi, ta rasa mashiga. Wannan musiba ce ta sa ta shafe shekara uku tana bin lungu-lungu da wayarta, tana ba kowane gida lamba, tana shigar da rijiyoyi, famfuna da kwatoci, sannan ta ɗora taswirar a intanet kyauta. A 2017 motar asibiti ta isa ƙofar wata mai naƙuda, abin da ba a taɓa gani ba a unguwar.

Rusau

A 2019 hukumar tsara birni ta sauke taswirar, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta shafa jan fenti a gidaje ɗari shida da ta ce an gina ba bisa ƙa'ida ba. Sau tara marigayiya tana zuwa ofishin neman sassauci, a zuwan ƙarshe wani jami'i ya ce mata: "Malama, ai ke kika sauƙaƙa mana aikin." Ranar da katafila ta shigo, mahaifiyarta tana ɗaure tukwane a zane ta ce: "'Yar nan, da kin bar mu yadda kika same mu."

Ƙarshen Rayuwa

Bayan an rushe gidansu, marigayiya ta koma ɗakin haya a gefen gari, tana ƙulla gishiri da omo tana sayarwa, ba ta sake riƙe babbar waya ba. Mijinta ya rasu a 2021. Ita kuma hawan jini ya kwantar da ita wata bakwai, har Allah Ya yi mata rasuwa a 2023, tana da shekara arba'in da ɗaya. Mutum tara ne suka raka gawarta makwanci, domin tsofaffin maƙwabta sun warwatse, waɗanda saƙon ya iske kuma da yawansu ba su zo ba.

Ta bar 'ya'ya uku: babban bakanike ne, mai bi masa tela, sai auta, wadda kakarta ke riƙo. Allah Ya jiƙanta.